Kafin ka zuba kuɗi a ramin zinare: abin da ke ƙarƙashin ƙasar Katsina da yadda ake bincikensa

Da an gama girbi, zancen zinare yakan taso a kasuwannin kudancin Katsina da yammacinta. Wani ya zo da farin dutse a leda, a daka a turmin ƙarfe, a wanke a kwano, sai a ga ɗigo biyu ko uku suna ƙyalli a gindin baƙin yashi. Kafin sati ya zagayo an sami Alhajin da zai sayi injin niƙa da janareta, wani ma har ya ɗauko hayar motar haƙa. Yawancin dukiyar da ke salwanta a wannan harka a daidai nan take salwanta. Ɗigon da aka gani a kwano ba ƙarya ba ne, sai dai abin da ya nuna shi ne akwai zinare a dutsen da aka daka. Yawansa, da inda jijiyarsa ta dosa, da zurfinta, da ko zai biya kuɗin fito da shi, duk suna nan ba a san su ba. Wanda ya sa kuɗi a wannan mataki cinikin biri a sama ya yi.

Bari mu fara da ƙasar kanta, don wanda bai san dutsen da yake tsaye a kai ba zai yi ta haƙa a inda babu dalilin haƙa.

Mafi yawan jihar Katsina tana zaune ne a kan tsohon dutsen da ya zama ginshiƙin arewa maso yammacin Nijeriya. Iri uku ne manya. Akwai dutse mai zane-zanen fari da baƙi da suka lanƙwashe, wanda shi ne mafi tsufa. Akwai garanayit, wato manyan duwatsun nan masu sulɓi da ake gani tsaye a wajen Dutsin-Ma da Funtuwa, waɗanda suka kutso daga ƙasa a narke kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, lokacin da manyan sassan doron ƙasa suka yi karo a wannan yanki na Afirka. Na uku shi ne shist, dutse mai ɓarewa falle-falle, wanda asalinsa laka ne da yashi da suka kwanta a ruwa, zafi da matsi suka gasa su. Shist ba ya bazuwa ko'ina. Yana tafiya ne a dogayen zirara masu miƙewa kusan daga arewa zuwa kudu, kuma masana sun raɗa musu sunayen garuruwan da suke ratsawa: Zuru, Anka, Maru, Birnin Gwari, Kushaka, Malumfashi, Kazaure. Sanannun wuraren zinare na arewa maso yamma, irin su Anka da Maru da Tsohon Birnin Gwari da Bin Yauri, suna cikin waɗannan zirara ne ko a gefensu, kusa da manyan tsagogin ƙasa guda biyu, ta Anka da ta Kalangai.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Lokacin wancan karo, ruwa mai tsananin zafi ɗauke da narkakkun ma'adinai ya bi ta tsagogi yana haurowa. Inda ya huce sai ya ajiye farin dutsen ƙanƙara, tare da ɗan zinare da fayirayit (wani ma'adini mai ƙyalli da ke kama da zinare a ido), wani lokaci da dutsen dalma. Wannan shi ne abin da mahaƙa ke kira jijiya. Don haka mai neman zinare tsaga yake nema, da inda shist ya haɗu da garanayit, da inda dutse ya murɗe ya dagargaje. Farin dutse shi kaɗai ba hujja ba ne. Jijiyoyin ƙanƙara sun cika ƙasar nan, kuma mafi yawansu ba su da komai. Wadda ta cancanci a tsaya a kanta ita ce mai tsatsa, ja ko ruwan ƙasa, mai ƙananan ramuka masu kusurwa huɗu inda fayirayit ya ruɓe ya fita, wadda dutsen da ke gefenta ya canza launi ya yi laushi.

Idan aka nausa arewa, wajen Kaita da Mashi da Mai'aduwa da Daura da Zango, labarin ya sha bamban. A wurare da yawa yashi da tsakuwa da laka da suka kwanta daga baya sun lulluɓe tsohon dutsen. Mutumin Daura da ya ɗebi ƙasar sama ya kai gwaji, ƙasar da iska da ruwa suka kawo daga wani wuri ya gwada, sakamakon ba zai gaya masa komai game da abin da ke ƙarƙashi ba. A irin wannan wuri arzikin da ke kusa shi ne yashin gini da tsakuwa da yumɓu, da ruwan ƙarƙashin ƙasa.

Bincike yana da tsari, kuma tsarin shi ne a fara da mai araha. Aikin farko a kan tebur ake yin sa. Hukumar binciken ƙasa ta tarayya, wadda tushenta ya koma 1919, tana da taswirorin duwatsu, tana kuma da bayanan awon da aka yi da jiragen sama tsakanin 2003 da 2010, inda jirgi ke bin layuka masu tazarar mita 500 yana tafiya kimanin mita 80 daga ƙasa. Mutane da yawa suna ɗauka wannan taswira zinare take nunawa. Ba ta nuna shi. Tana auna maganaɗisun duwatsu da tururin sinadarai uku da ke fita daga ƙasar sama, daga nan masani ya gane inda tsaga ta bi da inda wani dutse ya ƙare wani ya fara. Amfaninta shi ne ta rage maka fili: maimakon ka yi ta yawo a murabba'in kilomita 200, ka san wurare uku ko huɗu da suka kamata a taka da ƙafa.

Sai tafiya. Da rani ake yin ta, bayan an cire amfanin gona ciyawa ta bushe, lokacin da gulbi ya ƙafe bakin kwazazzabo ya fito da dutse fili. A riƙe guduma da madubin ƙara girma da na'urar GPS da littafi. Duk inda dutse ya fito a rubuta irinsa, da inda ya miƙe, da gefen da ya karkata. Karkatar nan tana da muhimmanci ƙwarai, domin jijiyar da ta karkata gabas, idan ka haƙa raminka tsaye a yammacinta, har ka gaji ba za ka same ta ba.

A ƙoramu ake ɗaukar samfurin farko. Ana neman inda ruwa ke rage gudu ya zubar da abu mai nauyi: cikin kwana, bayan babban dutse, ƙasan tsakuwa inda ta zauna a kan fa. A ɗebi adadi ɗaya a ko'ina, misali bokiti guda mai lita 10, a wanke, a ƙirga ɗigon, a rubuta. Idan yau ka wanke bokiti gobe ka wanke rabin kwano, ba ka da abin kwatantawa. Siffar ɗigon ma tana magana. Wanda ya yi sumul ya baje ya yi tafiya mai nisa. Mai kaifi-kaifi, musamman wanda ɗan farin dutse ke manne da shi, bai yi nisa da uwarsa ba. A yi ta haurawa ana wankewa har inda ɗigon ya ɗauke. Tushen yana tsakanin wuri na ƙarshe da aka gani da na farko da ba a gani ba, a ɗaya daga cikin gangaren biyu.

A kan wannan gangare ake shimfiɗa layukan samfurin ƙasa. Layukan su ratsa jijiyar a gicciye. Da yake duwatsunmu sun miƙe arewa da kudu, layukan gabas da yamma za su bi. Tazarar mita 200 tsakanin layi da layi da mita 50 tsakanin samfuri da samfuri ta isa a zagayen farko, inda ya nuna alama sai a matse. A kauce wa baƙar ƙasar sama, a haƙa santimita 30 zuwa 50, a ɗebi kamar kilo 1 zuwa 2, a shanya, a tankaɗe da rariya mai laushi, a zuba a jaka mai lamba. Mai ɗiba ya cire zobe, domin ɗan gogar zoben zinare ya isa ya ɓata sakamako. Inda marmara ta yi kauri, ana ɗiba daga suri, saboda gara tana haƙo ƙasa daga zurfi ta tara a sama. Wannan dabara an daɗe ana amfani da ita a binciken zinare a Afirka ta Yamma, kuma ba ta cin kuɗi.

Inda ƙasa ta nuna, sai a yanka dogon rami siriri a gicciyen jijiyar har a taɓa dutse. Faɗin mita 1 ya isa. Ƙasar da aka fitar a zuba ta aƙalla mita 1 daga baki, kuma duk ramin da ya wuce ƙirjin mutum a kwantar da bangonsa ko a tokare shi. A nan ne ake yin kuskuren da ya fi kowanne tsada. Mutum ya duba bango ya zaɓi dutsen da ya fi kyau, ya kai gwaji, sakamako ya fito da giram 40 a tan, sai a kama lissafin biliyoyi. Samfurin gaskiya shi ne a sassaƙe layi ɗaya da kurfi da guduma, faɗin kamar santimita 5 zuwa 10, zurfi daidai, mita 1 bayan mita 1, a tare duk abin da ya faɗo a kan leda, mai kyau da maras kyau. Jijiya a jakarta, dutsen gefe a tasa jakar.

A ɗakin gwaji, hanyar da aka fi yarda da ita ita ce ta narkarwa da wuta. Ana niƙe samfurin ya zama gari, a ɗauki giram 30 ko 50 a narkar. Ka lura da ƙanƙantar wannan adadi. Idan zinaren wurin manyan ƙwayoyi ne, ƙwaya ɗaya da ta faɗa cikin giram 30 ɗin za ta kumbura sakamako, idan kuma ta kuskure sai a ce babu komai, alhali jaka ɗaya ce. Maganinsa shi ne samfuri babba, da maimaita gwaji, da gaya wa masu ɗakin gwajin cewa ana ganin zinaren da ido don su tace manyan ƙwayoyin su auna su daban. A cikin kowane samfuri 20, a saka ɗaya na dutsen da aka tabbatar ba shi da komai, da ɗaya da aka raba biyu aka ba lambobi daban, ba tare da an gaya musu ba. Idan dutsen banza ya dawo da zinare, injinsu bai wanku ba. Idan tagwayen suka yi nisa da juna, kada a gina komai a kan sakamakon.

Akwai kuma zamba, ba za mu ɓoye ba. Ana barbaɗa garin zinare a jakar samfuri ko a bangon rami don a ja hankalin mai kuɗi. Wanda zai sa dukiyarsa ya aika nasa mutumin ya sassaƙo samfuri daga sabon wuri da shi ya zaɓa, a ɗaure jakar a gabansa, kada ta kwana a hannun mai sayar da fili. Ƙaramar na'urar nan ta hannu da ake ɗora wa dutse ta karanto sinadarai tana da amfani wajen gano dalma da jan ƙarfe da arsanik (wani sinadari mai guba), amma ba ta iya auna zinare a ƙanƙantar da yake zuwa a dutse. Duk wanda ya ɗora ta ya karanto maka giram kaza a tan, kada ka karɓa. Injin neman zinare mai ƙara a kunne, wanda ya yaɗu a hannun matasanmu tun bayan da aka gano zinare a Jado ta arewacin Nijar a 2014, dunƙulen da ke kusa da sama yake ji. Garin zinaren da ke cikin jijiya ba ya jin sa.

Fayirayit kuwa da ƙyalƙyalin maika, wato ɓarɓashin dutse mai sheƙi falle-falle, suna ruɗin sabon shiga. A sa allura ko a buga da guduma: zinare yana lotsawa ya baje, fayirayit yana farfashewa, idan an goga shi a bayan fasasshen tangaran ya bar baƙin zane. A kwano ma nauyi yana raba su. Zinare ya ninka ruwa nauyi sau 19, fayirayit sau 5, farin dutsen ƙanƙara bai kai sau 3 ba.

Yanzu lissafi. Giram 1 a tan yana nufin giram 1 a buhu 20 masu kilo 50. A ɗauka, a matsayin misali, jijiya mai tsawon mita 100, kaurin rabin mita, da za a iya bi zuwa zurfin mita 20. Wannan dutse ne tan 2,650. Idan matsakaicinsa giram 3 ne a tan, zinaren da ke ciki bai cika kilo 8 ba. Amma mutum ba ya shiga ramin rabin mita. Sai an buɗe mita 1, wato rabin abin da za a fito da shi dutsen banza ne, idan ba a tsince shi ba a biya kuɗin ɗauka da niƙansa. Sannan niƙa da injin gari da kamawa da zaiba sau da yawa ba ya kama ko rabin zinaren, sauran yana tafiya a dusar da aka zubar. Daga abin da ya rage za a cire man janareta da abincin ma'aikata da ruwa da rabon mai gona da na mahaƙa. Kuma jijiya ba ta tafiya da kauri ɗaya, tana kumbura ta tsuke kamar carbi, don haka rabin mitan da aka auna a sama yana iya komawa faɗin tafin hannu bayan mita 5.

Wani abin da ke karya mutane shi ne canjin dutse da zurfi. A sama, ruwan sama da iska sun ruɓar da fayirayit sun saki zinaren, dutsen ya yi laushi, wani lokaci zinaren ma ya taru ya fi na ƙasa yawa. Da an kai matakin ruwa, sai a tarar da dutse mai tauri, zinaren yana kulle cikin fayirayit inda zaiba ba ta kama shi, ga ruwa yana shigowa. Shi ya sa ramuka da yawa ke mutuwa a zurfi kusan ɗaya. Abin da zai faɗi gaskiyar ƙasa shi ne huda da injin da ke zaro dutse a mulmule, mai kaurin milimita 47.6 ko 63.5, a huda a karkace don a ratsa jijiyar, a tsaga dutsen biyu, rabi ya tafi gwaji rabi ya zauna a akwati. Yana da tsada sosai, don haka shi ne na ƙarshe. Ma'adinin Segilola na jihar Osun, wanda ya fara fitar da zinare a 2021, sai da aka yi shekaru ana irin wannan huda kafin a kafa injin sarrafawa.

Maganar da ta fi damunmu ita ce ta dalma. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Zamfara, irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, saboda dutsen zinaren da ake kawowa gida a daka a niƙa yana ɗauke da dalma mai yawa. Ƙurar ta zauna a tsakar gida, yara masu rarrafe suka riƙa kai ta baki. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Duwatsunmu dangin na Zamfara ne, iyaka ba ta raba su ba. Saboda haka duk samfurin da aka kai gwajin zinare a ce a auna dalma da arsanik a ciki. Dutse mai nauyi, launin toka mai ƙyalli, mai fashewa da kusurwoyi, irin wanda ake yin kwalli da shi, dutsen dalma ne. Kada dutsen rami ya shiga gida ko kaɗan. Kada a niƙa shi a injin da ake niƙa hatsi. A niƙa da ruwa don kada ƙura ta tashi, a yi nesa da gari da rijiya, ma'aikaci ya yi wanka ya canza tufafi kafin ya ɗauki ɗansa. Ƙona zaiba a fili kuma yana sa tururinta ya shiga huhu ya taɓa ƙwaƙwalwa. Akwai rufaffiyar tukunyar ƙarfe mai bututu da ke sanyaya tururin ya koma zaiba a sake amfani da ita, maƙeri mai walda zai iya haɗa ta da bututun famfo. A cikin rami kuwa, janareta ko injin jan ruwa mai fetur kada ya sauka, hayaƙinsa yana kashe mutum ba tare da ya ji wari ba. Da ruwan farko ya sauka a bar ramin da ba a tokare ba.

Ta fuskar doka, tsarin mulkin 1999 ya sa duk ma'adinan ƙasa a hannun gwamnatin tarayya, dokar ma'adinai ta 2007 kuma ta tsara lasisi. Mallakar gona ba ta ba mutum ikon haƙa, haka ma takardar mai gari ko hakimi, duk da cewa ana buƙatar amincewar mai fili a rubuce. Ofishin rajistar filayen ma'adinai da ke Abuja ne ke bayarwa, kuma wanda ya riga nema shi ke samu. Lasisin bincike na shekara 3 ne, ana sabunta shi sau biyu na shekara bibbiyu, fili bai wuce murabba'in kilomita 200 ba, kuma izinin bincike ne kawai, ba na haƙa a sayar ba. Na ƙananan mahaƙa bai wuce murabba'in kilomita 3 ba, ƙungiyar gama-kai mai rajista tana iya nema. Kafin a kashe ko sisi, a kai lambobin GPS na filin a duba ko wani bai riga ya riƙe shi ba. Tsaro ma yana cikin lissafi: a 2019 gwamnatin tarayya ta dakatar da haƙar ma'adinai a Zamfara saboda 'yan bindiga, kuma ƙananan hukumominmu da ke gefen dajin Rugu suna fama da irin wannan hali. Wurin da ma'aikaci ba zai iya kwana ba, a jinkirta shi.

Zinare ya ɗauke hankalin mutane daga farar ƙasa, alhali Ƙanƙara ta daɗe da yin suna a kanta. Farar ƙasa tana samuwa ne idan garanayit ya ruɓe a inda yake, kuma masu fenti da tangaran da takarda suna sayenta. Bincikenta ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. A haƙa ramukan gwaji a tazarar mita 50, a auna kaurin jar ƙasar da ke sama da kaurin farar, domin idan za ka kwashe mita 6 don ka sami mita 1, kuɗin kwasa ya cinye riba. A jiƙa kilo 1 a bokiti a dama, a bari yashi ya kwanta, a tsiyaye farin ruwan, a shanya, a auna abin da ya rage. Wannan ne zai nuna kashi nawa ne na sayarwa. A gasa ɗan curi a wuta mai ƙarfi: idan ya fito ja ko ruwan hoda, tsatsar ƙarfe ta yi yawa, masu tangaran za su karya farashi. Kowane kamfani yana da ma'aunin fari da laushin da yake karɓa, don haka a karɓo wannan ma'auni a rubuce daga mai saye, a kai samfuri daga kowane rami daban-daban a gwada a kansa, sannan a yi maganar tifa.